Batir biyu da suka kafa ma'auni: Duniyar masu harhaɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba

Ranar 18 ga Yulin 2025 ne Shunsaku Tamiya, shugaban kamfanin Tamiya na ƙasar Japan, ya mutu yana da shekara 90 a duniya.

Bai taɓa riƙe muƙamin gwamnati ba, amma labarin mutuwarsa ya karaɗe Asiya da Turai da Amurka, inda masu sha'awar kayan kamfaninsa suka yi ta wallafa saƙonnin ta'aziyya a shafukan sada zumunta.

Abin da ya sa suka san shi wani kwali ne da tsawonsa bai wuce kamu ɗaya ba. A bayan kwalin akwai zanen tankar yaƙi, amma idan aka buɗe ba za a tarar da tanka ba. Ɗaruruwan gutsattsarin roba ne maƙale a jikin firam, da takardar da ke nuna inda kowanne zai shiga, da wasu 'yan tambura.

Aikin wanda ya saya ne ya yanko su ɗaya bayan ɗaya, ya liƙa, ya goge, ya yi fenti, har abin ya fito sak wata tanka da ta taɓa shiga fagen daga. Wani yakan gama cikin mako guda. Wani kuwa sai ya shafe wata shida a kan abin da zai iya ɗorawa a tafin hannu.

A ƙasashe da dama an daɗe da daina kallon wannan a matsayin wasan yara. Yana da ƙungiyoyi da mujallu da gasanni, yana kuma da muhawarorin da aka shekara hamsin ana yi. Kusan dukkansu a kan tambaya ɗaya suke: shin abin da aka harhaɗa ya faɗi gaskiyar yadda tankar take a ranar da ake magana a kai?

Garin kafintoci

Birnin Shizuoka yana kudu maso yammacin Tokyo, a yankin da ake hango Dutsen Fuji. Tun zamanin mulkin gidan Tokugawa aka san shi da aikin katako, saboda an tara masassaƙa da kafintoci daga sassan ƙasar domin ginin fada da wuraren bauta, da yawansu kuma suka zauna a can suka hayayyafa.

A wannan gari ne Yoshio Tamiya, mahaifin Shunsaku, ya buɗe wurin yankan katako a 1946, shekara guda bayan Japan ta sha kaye a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya ya koma ƙera ƙananan jirage na katako da yara ke harhaɗawa.

Sai dai kafin ƙarshen shekarun 1950 kasuwar ta fara juya baya. Kayan roba daga ƙasashen waje sun shigo, kuma sun fi na katako sauƙin haɗawa da fitar da kamanni. Birtaniya ta riga kowa a wannan fanni, domin tun a 1936 wani kamfani mai suna Frog ya fara sayar da ƙananan jiragen sama na roba da ake harhaɗawa, kamfanin Airfix kuma ya biyo baya bayan yaƙi.

A 1960 Tamiya ya gwada nasa, ya fitar da jirgin ruwan yaƙin Japan mai suna Yamato da roba. Bai yi kasuwa ba. Ga shi kuma mazubin ƙarfen da ake zuba narkakkiyar roba a ciki yana cin kuɗi masu yawa, ƙaramin kamfani ba zai jure irin wannan asara sau biyu ba.

Don haka a gwaji na gaba aka zaɓi tankar Jamus mai suna Panther. Dalilin zaɓar ta ba wani abu ba ne illa jikinta miƙaƙƙe ne, ba shi da lanƙwasa da yawa, ƙera mazubinta ba zai yi wuya ba. An saka mata ƙaramin inji domin ta riƙa tafiya da kanta, aka kuma sa fitaccen mai zane Shigeru Komatsuzaki ya zana hoton bayan kwalin. Ta fito a farkon 1962, kuma ita ce ta tsamo kamfanin daga halin da ya shiga.

Yadda aka samo 1/35

Duk wanda ya ɗauki kwalin tankar roba a yau, da wuya bai ga an rubuta 1/35 a jikinsa ba. Ma'anarsa ita ce an raba kowane tsawo na tankar gaske gida 35, an ɗauki ɗaya.

Tankar Tiger ta Jamus, wadda tsawonta har bakin bindiga ya kusa mita takwas da rabi, takan dawo kimanin santimita 24, wato taƙi ɗaya da 'yar ɗoriya. Sojan da tsayinsa ya kai mita 1.75 kuwa sai ya koma santimita biyar.

Babu wani taron masana da ya zauna ya tsayar da wannan lamba. Shunsaku Tamiya da kansa ya bayyana a littafin da ya rubuta kan tarihin kamfanin cewa an yi girman Panther ta farko ne daidai yadda batir biyu za su shiga cikinta. Sai daga baya, da aka zo ƙera wasu tankokin da za su yi daidai da ita, aka auna aka ga ashe kashi ɗaya cikin 35 ce ta gaske.

A lokacin kamfanonin Amurka na amfani da wasu ma'aunai daban, kamar 1/32 da 1/40, Airfix kuma na yin ƙanana sosai a kan 1/76. Amma da Tamiya ya fara fitar da jerin kayan soja a 1968, da sojoji da motoci da bindigogi duk a kan ma'auni guda, sauran kamfanoni suka bi sahu. Yau Italeri na Italiya, da Zvezda na Rasha, da Academy na Koriya ta Kudu, da Dragon na Hong Kong, da Trumpeter da Meng na Chaina, duk a kan wannan ma'auni suke yin manyan kayansu.

Amfanin hakan a bayyane yake. Mutum na iya sayen tanka daga Japan, ya sayi sojojin da za su hau ta daga Yukren, ya sayi jarkokin man da zai ɗora a bayanta daga Italiya, kuma kowanne ya zauna daidai.

Tef ɗin awo a gidan tarihi

Panther ta farko abin wasa ce kawai, kamanninta ba su yi daidai da na gaske ba. Abin da ya sauya al'amarin shi ne naci irin na Shunsaku.

Tun a tsakiyar shekarun 1960 ya fara zuwa wuraren da ake ajiye tsofaffin tankoki, kamar filin gwajin makamai na Aberdeen da ke jihar Maryland ta Amurka, da gidan tarihin tankoki na Bovington a kudancin Ingila. Yakan je da kyamara da tef ɗin awo, ya hau samansu, ya kutsa ƙarƙashinsu, yana ɗaukar hoton wuraren da masu yawon buɗe ido ba sa waiwaya. A shekarun 1970 kamfanin ya taɓa sayen sabuwar mota ƙirar Porsche ya wargaza ta, don kawai a ga yadda cikinta yake kafin a ƙera ƙaramarta.

Wannan ɗabi'a ta wuce kamfani ta shiga jinin masu harhaɗawa. Shi ya sa gidajen tarihin tankoki suka zama musu kamar makaranta. Na Bovington yana da motocin yaƙi kusan 300, na garin Saumur a Faransa yana da sama da 800, akwai kuma na Kubinka kusa da birnin Mosko.

A Bovington ake ajiye da Little Willie, gwajin farko da Birtaniya ta ƙera a 1915, shekara guda kafin a fara shigar da tankoki yaƙi ranar 15 ga Satumban 1916 a yankin Somme na Faransa. Sunan ma daga ɓoye sirri ya samo asali, domin an riƙa kiran su tankokin ruwa don kada maƙiya su gane abin da ake ƙerawa.

Amma wadda ta fi jan jama'a ita ce Tiger mai lamba 131. Sojojin Birtaniya ne suka kama ta a Tunisiya a watan Afrilun 1943, bayan wani harsashi ya maƙale a ƙarƙashin kanta mai juyawa ya hana shi motsi, mutanen cikinta suka gudu suka bar ta. Daga cikin irinta kimanin 1,350 da Jamus ta ƙera, ita kaɗai ce har yanzu ke tashi ta yi tafiya, kuma da ita aka yi fim ɗin Fury na 2014. Tabon harsashin na nan a jikinta, kuma mai harhaɗa ƙaramarta da ya san aikinsa sai ya sassaƙa wannan tabo a daidai inda yake.

Daga firam zuwa tanka

Kayan aikin mai farawa ba su da yawa: ƙaramar filaya mai kaifi ta yanke roba, da wuƙa mai bakin reza, da hantsaki, da samfefa mai laushi, da gam, da burushi biyu ko uku.

Gam ɗin ba irin na liƙa takarda ba ne. Ruwa ne tsinkakke da ke narkar da fuskar robar kaɗan, idan aka haɗa ɓangarorin biyu sai su zama abu ɗaya, kamar dai walda. Idan ya yi yawa yakan ɓata aiki, kuma yatsan da ya taɓa wurin kafin ya bushe zai bar zanensa har abada.

Kowane gutsure da aka yanko yana da ɗan siririn layi a inda mazubin ya haɗu, dole a kankare shi. Inda aka samu giɓi kuma a cike shi da fila, irin yadda masu gyaran jikin mota ke yi, sannan a goge.

Wurin da ke gwada haƙurin mutum shi ne ƙafafu da sarƙa. Tsofaffin kwalaye na zuwa da sarƙar roba mai laushi guda ɗaya da ake naɗawa kawai. Sababbi kuwa gaɓa-gaɓa suke kawo ta. Tiger na da gaɓa 96 a kowane gefe, ke nan kusan 200, kowace sai an yanko ta an share ta an jera. Masu son ta fito da nauyi irin na gaske sukan sayi ta ƙarfe, su riƙa soka siririyar waya a kowace gaɓa.

Kwalin shekarun 1970 bai cika wuce gutsattsari 200 ba. Yanzu akwai masu sama da 1,000, har da inji da kujerar direba da ma'ajiyar harsasai, waɗanda da zarar an rufe saman tankar babu mai sake ganin su. Akwai kuma faifan tagulla mai kaurin takarda da ake yanko raga da ƙugiya da maɗaurai daga jikinsa, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Shi ya sa gilashin ƙara girma ba ya barin teburin dattawan wannan sha'awa.

Launi na faɗar shekara

Bayan haɗi sai fenti, kuma a nan ne karatun tarihi ke shigowa. Ana fara fesa shimfiɗa domin fentin ya kama, sannan a bi da ainihin launin, ko dai da burushi ko da 'yar bindigar feshi mai girman biro da ke aiki da iska.

Amurka ta yi amfani da launin kore mai duhu irin na zaitun, Tarayyar Sobiyet ma tana da nata koren. Jamus ce mai rikitarwa. Daga farkon yaƙi tankokinta ruwan toka mai duhu ne. A watan Fabrairun 1943 aka ba da umarnin komawa rawaya mai duhu, aka kuma riƙa raba wa rundunoni fenti kore da ja-ja-ja mai kauri a gwangwani, su tsinka shi da fetur ko ruwa, su yi wa tankarsu ɓad-da-kama gwargwadon ƙasar da suke. Saboda haka da wuya a samu tankoki biyu masu zane iri ɗaya.

Akwai kuma wani kwaɓi mai suna Zimmerit da aka riƙa shafa wa tankokin Jamus a masana'anta daga 1943, ana yi masa zane kamar kunya-kunya, don hana nakiya mai maganaɗisu liƙewa. A watan Satumban 1944 aka daina. Wanda ya harhaɗa tankar da aka ƙera a watan Disamban 1944 ya shafa mata wannan kwaɓi, ya yi kuskuren da alƙalan gasa za su gani tun daga nesa.

Matsalar ita ce mafi yawan hotunan wancan yaƙi baƙi da fari ne, fentin da ya rage a jikin tsofaffin ƙarafa kuma rana da ruwa sun dusashe shi. Shi ya sa gardama kan ainihin zurfin rawayar Jamus ko koren Amurka ba ta ƙarewa, kowane kamfanin fenti kuma yana cewa nasa ne daidai.

Masu koyarwa na jan kunnen sababbin shiga kan abu biyu. Tururin gam da na fenti na da illa ga huhu, don haka ana aiki ne a wuri mai iska, a rufe hanci lokacin feshi. Sannan ƙananan gutsattsarin na iya shaƙe yaro, shi ya sa kwalaye da yawa ke ɗauke da gargaɗin cewa na 'yan shekara 14 ne zuwa sama.

Tsufar da sabon abu

Tankar da aka gama wa fenti tsaf ba ta kama da ta gaske, roba ce mai launi. Sai an tsufar da ita, kuma wannan ne matakin da ke raba gwani da ɗan koyo.

Ana tsinka fenti mai duhu sosai a ɗiga shi a lunguna da gindin ƙusoshi don su fito. Ana goge burushi har ya kusa bushewa a shafa shi a gefuna don su yi haske. François Verlinden na ƙasar Beljiyam ne ya yaɗa waɗannan dabaru a shekarun 1970 da 1980, yayin da Sheperd Paine na Amurka, wanda ya mutu a 2015, ya koya wa mutane ɗora tankar a kan ɗan fili tare da sojoji da rusasshen gini, yadda za ta ba da labari.

Daga baya aka samu salon 'yan Sifaniya, wanda Miguel Jiménez ke kan gaba a cikinsa. Su suka yaɗa amfani da garin launi wajen yin ƙura da taɓo, da fentin mai wajen nuna zirin ruwan sama da ɗigon baƙin mai. Har man feshin gashi na mata ya shigo: a fesa shi tsakanin fenti biyu, a jiƙa na saman a goga, sai ya riƙa ɓamɓarewa kamar fentin da takalman sojoji suka cinye.

Gwani ba ya watsa datti barkatai. Taɓon Rasha lokacin narkewar ƙanƙara baƙi ne mai danƙo, ƙurar hamadar Libiya kuwa fara ce mai laushi da ke kwanciya a kowane lungu. Fenti ya fi lalacewa a bakin ƙofa da inda ake takawa a hau. Baƙin hayaƙi kuma yana bayan inji.

A nan ma akwai saɓani. Wasu na ganin salon zamani ya wuce gona da iri, domin tankoki da yawa a Yaƙin Duniya na Biyu ba su wuce 'yan watanni a fagen daga ba aka lalata su, ba su daɗe har su yi tsatsar da ake zuba musu ba. Sukan kuma yi wa wanda ya sa tsatsa a jikin motar sulken Amurka ƙirar M113 dariya, saboda jikinta alminiyom ne, ba ya tsatsa. Ɗaya ɓangaren na cewa abin da aka rage gida 35 dole a ɗan ƙara masa gishiri kafin ido ya gani.

Ana kai waɗannan ayyuka gasa. Ƙungiyar masu harhaɗa kayan roba ta duniya, IPMS, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963, na yin babban taronta duk watan Nuwamba a garin Telford. A Amurka kuma akwai AMPS, wadda ta keɓanta da motocin sulke kawai.

Abin da ba a cika nunawa ba

Akwai wata tambaya da masu wannan sha'awa ba sa iya kauce mata. Abin da suke ƙawatawa makami ne da aka ƙera don kashe mutane.

Amurka ta ƙera tankar Sherman kusan 49,000, Tarayyar Sobiyet ta ƙera dubun-dubatar T-34. Duk da haka, a kantuna da teburan gasa tankokin Jamus ta Hitler ne suka fi yawa, musamman Tiger da Panther. Masu yi na cewa yawan nau'o'insu da launukansu ne ke jan hankali. Masu suka kuwa na nuna cewa wasu daga cikin tamburan da ake liƙawa na rundunonin SS ne da suka yi wa fararen hula kisan gilla, kuma a ƙarshen yaƙin masana'antun makaman Jamus sun dogara sosai da mutanen da aka tilasta wa aiki.

A Jamus doka ta haramta nuna tambarin 'yan Nazi a bainar jama'a, in ban da don ilimi ko bincike da makamantansu. Saboda haka kwalayen da ake sayarwa a can ba sa ɗauke da shi, wasu kamfanonin kuma sukan raba shi gida biyu a takardar tambura, wanda ke so ya haɗa da kansa.

Mutum zai iya zagaya babban zauren gasa ya ga ɗaruruwan tankoki da taɓo da tsatsa da huɗar harsashi, amma da wuya ya ga gawa ko ɗan gudun hijira. Akwai masu yin irin waɗannan da gangan, don tunatar da cewa a cikin kowace ƙonanniyar tanka akwai mutum huɗu ko biyar. Sai dai su ne 'yan tsiraru.

Tun daga 2022 tambayar ta ƙara nauyi. Kamfanin ICM, ɗaya daga cikin sanannu a harkar, a birnin Kyiv yake, kuma ya ci gaba da aiki a cikin yaƙin da ƙasarsa ke yi da Rasha, har yana fitar da ƙananan motocin sulken da sojojin Yukren ke amfani da su a yanzu. A wurin ma'aikatansa, abin da ke cikin kwalin ba tarihi ba ne.

Yaƙe-yaƙen Afirka a cikin kwali

Afirka na cikin wannan duniya, amma galibi a matsayin filin da Turawa suka gwabza, wato yaƙin hamada a Masar da Libiya da Tunisiya daga 1940 zuwa 1943.

Yaƙe-yaƙen 'yan Afirka su kansu ba su samu irin wannan kulawa ba, duk da cewa kayan aikin na nan. Tankokin T-55 da T-72 ƙirar Sobiyet, waɗanda rundunar sojin Najeriya ta mallaka, kamfanoni da dama na yin su a kan 1/35. Haka ma ƙaramar tankar Scorpion ta Birtaniya da sojojin Najeriya suka daɗe suna amfani da ita. Abin da ba a cika samu ba shi ne takardar tambura da bayanin launin da ake yi musu a nan, sai mutum ya bi hotuna ya haɗa da kansa.

Kamfanin Meng na yin ƙananan motocin a-kori-kura masu ɗauke da bindiga a baya, irin waɗanda suka yi suna a 1987, lokacin da sojojin Chadi a cikin motocin Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum.

Wa zai gaji teburin?

Babbar damuwar kamfanoni a yau ita ce shekarun masu saye. Yaran da suka taso da waɗannan kwalaye a shekarun 1960 da 1970 yanzu sun yi furfura, jikokinsu kuma sun fi sabawa da waya.

Lokaci-lokaci akan samu abin da ke janyo sababbi. Wasan kwamfuta na World of Tanks da ya fito a 2010 ya sa matasa da yawa sun san sunayen tankoki. A 2012 wani fim ɗin zane na Japan mai suna Girls und Panzer, wanda ke nuna 'yan matan makaranta na gasa da tsofaffin tankoki, ya farfaɗo da cinikin kwalayen a ƙasar. A lokacin kullen korona a 2020 ma kamfanin da ke da Airfix ya ba da rahoton ƙaruwar ciniki, saboda mutane na zaune a gida suna neman abin yi da hannu.

Na'urar da ke buga abu da siffarsa daga kwamfuta ita ma ta shigo, yanzu mutum na iya zana wata ƙofa ko ƙafa da babu kamfanin da ke yi, ya fitar da ita a ɗakinsa.

Shizuoka dai ba ta zauna jira ba. Sama da kashi 80 cikin 100 na kayan harhaɗawa na roba da Japan ke fitarwa daga lardin suke fitowa, domin ban da Tamiya akwai Hasegawa da Aoshima da Fujimi, da masana'antar Bandai mai yin mutum-mutumin Gundam. Hukumomin birnin sun kafa wasu alamu a tituna masu siffar firam ɗin roba, har da akwatin gidan waya. A baje kolin da ake yi a can duk watan Mayu, wanda aka faro a 1959, an keɓe rana guda ta 'yan makaranta, inda ake ba su filaya da firam su gwada da hannunsu.

Idan sabon shiga ya tambayi da wace tanka zai fara, tsofaffin hannu kan nuna masa wata ƙaramar tankar Jamus, Panzer II, wadda Tamiya ya fara fitarwa a 1971 kuma har yanzu ana sayar da ita, saboda tana da arha kuma gutsattsarinta ba su da yawa. An daɗe da daina saka mata inji. Amma wanda ya juya cikinta kafin ya rufe zai ga ramuka da alamun inda batir ke zama a da.